Hayaƙin Gidanmu a Gindin Dutse

Jumma'a, Zuru

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, ana yayyafin da aka fara tun jiya da la'asar. Watan Agusta ne, tsakiyar marka, ko kajinmu sun ƙi fitowa daga akurki. Buhu ɗaya na ɗauka, cikinsa akwai tamfol da igiya da tukunya da muciya da garin dawa da daddawa da busasshen kifi da ashana kwali biyu. Adda kuwa na naɗe ta cikin ƙyallayen atamfa da na kwaso daga shagona, don ni tela ce. Mama ta dafa sandarta ta rako ni bakin ƙofa, ta laluba hannuna ta danƙa mini ɗan gwangwani na man kaɗe.

"Na miya ne, Mama?"

"Na duk abin da ya taso," in ji ta.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni cikin wannan ruwa. Mahaifina, Kofur Bitrus, ya bar mana gona a gindin wani dutse bayan Dirin Daji. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya ba maƙwabcinsa Baba Danladi aronta, damina biyar ke nan. Mahaifin nawa ya rasu bara, bana sai muka ji wai kyauta ce ba aro ba. Da magana ta kai gaban Mai Unguwa, dattawa suka ce ba a riƙe gona daga cikin gari. Bukkar Kofur ta faɗi, hayaƙin gidansa bai sake tashi a can ba. In har gidan yana son gonar, to jininsa ya zo ya kwana a ciki, ya hura wuta ya dafa abinci, su ga hayaƙi da safe kafin taronsu na ranar Asabar. Ƙanena Yakubu soja ne, yana can inda ko waya ba ta shiga. Maigidana ya ce zai je, suka ce hayaƙin suruki ba ya cikin magana. Saura ni, Rahila, haifaffiyar bariki, wadda ba ta taɓa dafa ko shayi ba sai a kan risho.

A tasha na tarar da Baba Sajan, abokin mahaifina tun suna kurata. Ya haura saba'in, gwiwa ɗaya ta daina yi masa biyayya, amma ya ƙwama tsohuwar hularsa ta soja ya riga ni zuwa. Kafin in gama gaishe shi ya kafa mini doka.

"Ɗiyata, bakina naki ne, hannuna ba naki ba. Ko tsinke ban ɗauka. In na taɓa wutar nan, sai su ce hayaƙin Sajan sunka gani."

Motar ba ta cika ba sai shida da minti goma.

Hanyar Dirin Daji

Mu tara aka cusa a motar mutum shida, ga buhun taki a kan ƙafata. Gilashin gefena ba ya rufuwa, direba ya miƙo mini leda ya ce in tare ruwan da ita, wai a haka yake tun bara kuma ba wanda ya mutu. Shingen bincike uku muka wuce. A na biyu wani soja ya zaro addata daga buhu, ya dube ta ya dube ni.

"Madam, yaƙi za ki?"

"Gona za ni."

Ya kalli hannuwana, har da jan farce, ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ya hango hular Baba Sajan, nan take ya ƙame ya sara masa, ya mayar da addar da hannu biyu. Baba Sajan bai sake saukowa daga wannan sarawar ba har muka isa, sai ba direba umarni yake yi a kan kowane rami.

Bakwai da rabi muka sauka Dirin Daji. Muka sha kunu da ƙosai a wata rumfa, mai kunun tana tambayata ko biki za mu. Daga nan kabu-kabu biyu muka hau, suka ninka kuɗin saboda taɓo, na biya ina ƙunƙuni. Tafiyar da ake yi cikin minti arba'in da rani ta ci mana awa ɗaya da rabi. Da muka zo wani rafi da ya cika ya tumbatsa, masu babur suka kashe inji suka ce iyakarsu ke nan. Na ɗaure zani a ƙirji, na ɗora buhu a ka, Baba Sajan ya dafa kafaɗata muka tsallaka, ruwa har ƙugu.

Ƙauyenmu

Sha ɗaya da kwata muka yi sallama a ƙofar Mai Unguwa. Dattijo ne marar yawan magana. Ya yi mini gaisuwar rasuwar mahaifina, ya sa aka kawo mana dafaffiyar masara, sa'an nan ya fito da ni ƙofar zaure ya nuna dutsen da sandarsa.

"Kin ga kaɗanyar can ita kaɗai? Gonar Kofur ke nan. Daga nan nike ganin hayaƙin kowa. Gobe da sahe in na gani, na gani. In ban gani ba, kada ki ga laihina."

Na ce zai gani. Na faɗa da ƙarfi har matan gidan suka leƙo.

Daga ƙauye zuwa gonar bai kai kilomita uku ba, amma hawa ne, ga santsi, ga gwiwar Baba Sajan. A ƙasan gonar, dab da wani ɗan rafi, muka wuce bukkar Baba Danladi, inda shi da matarsa Inna Laraba suke kwana suna gadin masara saboda birai. Yana zaune a bakin bukka, hayaƙi yana fitowa ta cikin jinka abinsa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata.

"'Yar bariki, sannu da zuwa," ya ce. "An kawo janareto, ko yana baya?"

Na miƙe na gyara kayana a ka. Inna Laraba ta bi buhuna da kallo.

Gindin kaɗanya, ƙarfe biyu

Inda bukkar mahaifina take a da, a gefen dawar da Baba Danladi ya shuka, ciyawa ta kai mini ƙirji. Na ga wani lungu mai laushi na fara shimfiɗa tamfol, sai Baba Sajan ya yi gyaran murya daga kan dutsen da ya zauna.

"Dubi ciyawar wurin. Ina ta kwanta?"

Duk ta kwanta ta fuskanci gangare. Ashe hanyar ruwa na zaɓa mana. Na koma kan tudu, na sare ciyawa, na ɗaure igiya tsakanin kaɗanya da wani ɗan marke, na rataya tamfol, bayansa ya kalli gabas inda iska ke kaɗo ruwan. Ɗinki sana'ata ce, don haka ɗauri bai ba ni wahala ba, har Baba Sajan ya ce ba laifi. Sai ya sa ni haƙa magudana a kewaye da bakin adda. Kafin in gama, farcena biyu sun tafi, tafin hannuna ya yi ƙululu. Na saro rassa na jera a ƙasa, na zuba ganye a kai don kada mu kwanta a kan laka.

Wuta ce ta nuna mini iyakata. Na kwaso itacen da na tsinta a ƙasa na tara, na yi ta ƙyasta ashana. Kowace ta kama sai ta yi tsuwa ta mutu. Ina ji ina gani kwali guda ya ƙare, ko hayaƙi ban samu ba. Baba Sajan yana kallo, ya haɗe hannu a ƙirji.

"Baba, ai ka ce bakinka nawa ne!"

"Ba ki tambaya ba."

"To na tambaya!"

"Icen da ya kwanta ƙasa ya sha ruwa ya ƙoshi. Ki nemi wanda ya mutu a tsaye. Ki faskara shi, cikinsa kike so."

Na shiga daji ina ɗaga kai, ruwa yana shiga mini ido. Can bayan wani dutse na sami kirya da ta bushe a tsaye. Duk wanda bai taɓa saran kirya ba, ina yi masa fatan kada ya fara. Adda tana dawowa kamar na sari ƙarfe. Minti arba'in na yi kafin in sauke reshe biyu da wani guntun gungume. Da na tsaga, cikin a bushe ƙayau, ja, har da ƙamshi. Na fere shi siri-siri a ƙarƙashin tamfol, amma ko da haka ashana ba ta daɗewa har ya kama, ga shi saura kwali ɗaya.

A nan ne gwangwanin Mama ya faɗo mini a rai. Na ɗauki ƙyallen atamfar da bai jiƙe ba, na shafe shi da man kaɗe, na murɗe shi kamar lagwani, na sa a ƙarƙashin ferarren icen. Ashana ɗaya tak. Harshen wuta ya tsaya, ya yi ta ci a hankali har icen ya fara ƙara. Na duba agogo, biyar saura minti ashirin. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakiyar daji, Baba Sajan ya ce in rage murya kada birai su ɗauka biki ake yi.

Tukunyar farko

Baba Sajan ya zaga bayan dutse, ni kuma na ce bari in nuna masa ba komai sai an gaya mini ba. Na gangara rafi na zaɓo duwatsu uku masu sulɓi, kyawawa, daidai da juna, na kafa murhu. Na ɗora tukunya, na zuba ruwa da daddawa da kifin duka. Tafasa ta fito ko'ina a gonar, na tsinko ganyenta masu taushi na zuba. Ƙamshi ya fara tashi, ina ta yaba kaina.

Sai na ji tau! kamar an harba bindiga. Dutse ɗaya ya tarwatse, tukunya ta kife a kan wutar, toka da tururi suka turnuƙe tamfol. Wani ɓallin dutse ya yanke ni a ƙauri. Baba Sajan ya fito da gudun da ban san gwiwarsa tana da shi ba, yana riƙe da wando.

"Daga ina kinka ɗauko duwatsun nan?"

"Rafi."

Ya kama kai. "Dutsen rafi ruwa ne cikinsa! Wa ke kafa murhu da shi?"

'Yar bariki mana. Na durƙusa ina kallon kifina cikin laka, na fashe da kuka, kuma ba na zafin ƙafa ba ne, na haushi ne. Na tuna yadda Mama ke lissafa itatuwan gonar nan ɗaya bayan ɗaya, ita da idonta ya daina gani, ga ni na zo na kashe wutar da hannuna. Ina cikin kukan na hango ja a ƙarƙashin gungumen kiryar, garwashi ɗaya bai mutu ba. Na kwanta rub-da-ciki a cikin lakar na yi ta hurawa, ina ƙara masa ferarren ice ɗaya-ɗaya, majina da hawaye suna zuba. Na rantse a raina ko zan kwana a haka sai ya tashi. Ya tashi.

Murhu na biyu da ɓallin suri na kafa shi, gidan gara da Baba Sajan ya nuna mini, na fasa da adda na ɗauko dunƙule uku. Na tsince kifin da ya tsintu na wanke, na sake tsinko tafasa, na zuba sauran man kaɗe. Da miya ta nuna na juye a murfi, na tuƙa tuwo a tukunyar. Hayaƙi yana cin idona, ruwa yana ɗiga a wuyana, tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Muka yi addu'a muka ci da magariba. Baba Sajan ya ce ya taɓa cin wanda ya fi shi muni sau ɗaya, a bakin daga, kuma ya nemi ƙari.

Kafin mu kwanta ya koya mini ajiye wuta. Na tura kan gungumen cikin garwashi, na rufe da toka, na bar ɗan ƙofa ta gefen da iska ba ta bugowa. Ruwan dare ya zo da ƙarfi, na ji magudanar da na haƙa tana gudu ta gefen kaina. Sau uku na tashi na sa hannu a kan tokar, duk na ji ɗumi.

Asabar da safe

Shida saura minti goma na tone tokar, garwashi ja wur. Na hura ta kama, na zuba ɗanyen ganye a kai, farin hayaƙi mai kauri ya tashi ya wuce kan kaɗanya. Na fito ina murna in hango ƙauye, sai na ga fari fat. Gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen. Ko marken da na ɗaure igiya da ƙyar nake ganinsa, balle Mai Unguwa ya ga hayaƙi daga ƙofar zaurensa. Na ƙara ganye, na ƙara, har tari ya sarƙe ni. Bakwai ta yi, bakwai da rabi ta yi, ba abin da ya motsa. Taron dattawa kuwa ƙarfe goma ne.

Ina tsugune na rasa abin yi, sai na ji sallama a bayana.

"Masu bukka, kun kwana lahiya?"

Inna Laraba ce, zaninta sharkaf, tana riƙe da fasasshen kasko. Ta ce rafi ya hau cikin dare ya shiga bukkarsu, ya kashe wuta, ya jiƙa ashana, tun asuba maigidan yake rawar sanyi. Ƙamshin hayaƙi ta biyo. Ta miƙo kaskon ba ta dube ni ba.

"A san mini wuta, ɗiyata."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar janareto ce ta fara zuwa mini. Har na shirya yadda zan mayar da ita. Amma matar tsarar Mama ce. Na zaɓi garwashi mafi girma na zuba mata, na rufe da toka, na haɗa mata da ferarriyar kirya cikin leda. Na ce in ba su da gari akwai saura. Ta karɓi wutar, ta bar garin.

Bayan kamar rabin awa Baba Danladi ya hauro, ya yafa buhu a ka. Ya zaga tamfol, ya duba magudana, ya taɓa surin murhu da ƙafa, ya kalli ɓallin dutsen da ya fashe da tsumman da na ɗaure ƙauri da shi. Ya dubi Baba Sajan.

"Kai ka hura?"

Baba Sajan ya buɗe masa tafin hannunsa, fes. Ni ma na buɗe nawa. Baba Danladi ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan ya ce mu tashi, lokacin taro ya kusa.

Gaban dattawa

Goma da minti biyar muka isa zaure. Mai Unguwa ya ce tun asuba yake tsaye a ƙofa, bai ga komai ba sai fari fat, kuma shi ba ya shaidar abin da bai gani ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Na buɗe baki zan yi magana, Baba Sajan ya taka mini ƙafa.

Baba Danladi ya share maƙogwaro. "Ni na gani. Da wutarta anka dama mini kunu yau da sahe. Aro ne Kofur ya ba ni, ku rubuta haka."

Mai Unguwa ya ce a rubuta. Na ji kamar in kwanta a wurin in yi barci. Amma bai gama ba, ya juyo gare ni.

"Dawar da na shuka bana ni zan girbe. Kuma ki ji da kyau, Rahila. Kwana ɗaya kinka yi, damina wata biyar ce. In baɗi gonar nan ta kwanta ba noma, zan koma ciki, ba kuwa zan tambayi kowa ba."

Ranar ce ya fara kiran sunana. Na ce na ji, na kuma yarda, a gaban kowa.

Komawa

Rafin da muka tsallaka jiya ya ja baya, kabu-kabu suka ɗauke mu tun daga bakin ƙauye. Biyu da rabi muna Dirin Daji. Kafin mota ta cika na nemi rumfar maƙera na sayi fartanya, ta farko a rayuwata. A shinge na biyu sojan jiya ya leƙo, ya ga fartanyar, ya ga hannuwana, wannan karon bai yi dariya ba, ya ce sannu da aiki. Baba Sajan ya yi barci tun daga nan har Zuru, bakinsa a buɗe.

Biyar da kwata na shiga gida. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Baba Sajan da ya ja gwiwarsa ya bi ni, da Inna Laraba da ba ta ji kunyar hauro tudu da kasko ba.

Mama tana kan tabarma a inda na san zan same ta. Na zauna na ba ta labari tun daga rafi har zaure, ban rage ko fashewar dutsen ba. Ba ta katse ni ba. Da na kai kan sharaɗin Baba Danladi sai ta ce, "To wa zai noma ta? Yakubu ba ya nan."

Na ɗauko fartanyar na ɗora mata a cinya. Ta shafa ƙarfen, ta bi ƙotar da yatsu har ƙarshe, sa'an nan ta kama tafin hannuna ta shafa ƙululun da suka fashe. Hawaye suka zubo mata, ni ma nawa suka zo, muka zauna a haka.

"Ƙotar ta yi miki tsawo," ta ce. "Gobe bayan coci ki kai a rage ta, ki zo bayan gida in nuna miki yadda ake riƙewa."